Takardar Fijo a Cikin Toyota

A layinmu ni ake kira idan za a cike fom. Ni nake karanta wa maƙwabta takardar asibiti, ni nake warware musu wasiƙar banki. Saboda haka da na sayar da tsohuwar Fijo 406 ɗina na sayi Corolla 'yar Kwatano, ko a mafarki ban yi tunanin tambayar wani yadda ake yi da inshora ba. Wanda ake zuwa tambaya har gida, wa zai je ya tambaya?

Fijon haɗin Kaduna ce, ta yi mini hidima, ni ma na yi mata. A ƙarshen zamanmu ta fi sanin hanyar masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa a kan hanyar ofishina, yaran layi kuwa da sun ji na fito da safe sai kowa ya ɓuya, don sun san turi za a yi. Maƙwabcina ne ya saye ta, wani dattijo malamin makaranta mai ritaya, wanda shi ma ya sha tura ta da hannunsa, don haka babu wanda zai ce na rufe shi. Aka rubuta takardar ciniki, shaidu suka sa hannu, na miƙa masa fatikulas. Sai dai kafin in miƙa, na zare takardar inshora na sa a aljihu.

Lissafina a fili yake. Kuɗina na biya, sunana ne a jiki, kuma da sauran watanni kafin wa'adinta ya cika. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, mutumin da ya kwashe asusunsa kaf ya sayi mota kuwa ba ya wasa da 15,000. Ballantana ni ban taɓa biyan cikakken kuɗin ba. Ina da wani yaro da ke zama a gindin darbejiya kusa da inda ake sabunta takardun mota, shi yake yi mini a rabin farashi, har nakan yi wa abokai gori cewa ba su san gari ba.

Uwargida ta ga ina cusa takardar a durowar gaban Corolla, ta ce, "Maigida, wannan ba ta Fijo ba ce?" Na ce mata ta bar wa 'yan boko harkar boko.

Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken wannan inshora a duk faɗin ƙasar, wadda dokarta ta samo asali tun 1945, zamanin Turawa. Na ji a rediyo, na gyara zama, don ni mai takarda ne, har leda na sa aka manne ta a ciki saboda damina. Ran wata Asabar na ɗebi abokai a sabuwar mota za mu ɗaurin aure Zariya, kowa ya sha babbar riga, ana ta yi mini addu'ar Allah ya tsare sharrin ƙarfe. Muna fita gari wani matashin ɗan sanda ya ɗaga hannu.

"Alhaji, barka da hanya. A taimaka da fatikulas."

Na miƙa masa da yatsu biyu, ban ko kalle shi ba. Ya karanta, ya zagaya bayan mota, ya dawo gaba ya duƙa ya kalli tambari, ya sake karantawa.

"Alhaji, wannan motar Fijo ce?"

"Ofisa, Toyota ce mana, ba ka gani?"

"Ina gani, ranka ya daɗe. Takardar ce ba ta gani ba. Ta ce Fijo, ruwan toka. Ko da aka sake fenti har da inji aka fente?"

Na ji wani ya shaƙe dariya a kujerar baya. Sai na fito, na tattara babbar riga a kafaɗa, na shiga yi masa karatu: inshora yarjejeniya ce tsakanina da kamfani, inda na je nan take zuwa. Ya saurara har na gama, don yaron yana da tarbiyya, sannan ya ce, "To Alhaji, Allah ya kiyaye, idan ka buge mutum, da sunanka za ka buge shi ko da motar?"

Ya ciro waya ya danna *565*11#, lambar da ke kai mutum rumbun bayanan NIID, inda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya take tara bayanin kowace inshorar mota ta gaskiya. Ya sa lambar Corolla, babu komai. Na ce ai dama, ya sa ta Fijo ya sha mamaki. Ya sa. An sha mamakin kuwa, amma ni na sha, domin ita ma Fijon rumbun bai taɓa jin labarinta ba. Ashe duk shekarun nan aikin na'urar kwafi nake yi wa leda. Aka shafa fatiha a Zariya muna tsaye a gefen titi, abokai kuma har yau in sun gan ni sai su tambayi lafiyar Fijo mai baƙin fenti.

Ran Litinin na nemi ofishin wani kamfanin inshora mai lasisi. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba ta zaunar da ni, ta ce, "Baba, bari in yi maka bayani a hankali." Wannan "a hankali" ta fi maganar ɗan sanda ciwo. Ta ce inshorar mota a kan mota take, da lambarta da lambar shasi da ta inji, kuma ranar da ka sayar da motar ba ka da sauran abin da za ka yi asara a kanta. Da takardata ta gaske ce, da sai in rubuto musu cewa na sauya mota, su duba yadda za su mayar da yarjejeniyar kan sabuwar su ba ni wata takarda. Ta kuma ce ta 15,000 ɗin ba ni take karewa ba, mutumin da na yi wa ɓarna take biya, har naira miliyan 3 idan dukiya ce. In ina so a gyara tawa, ko a biya ni in an sace ko ta ƙone, sai cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Ta danna kalkuleta a kan miliyan 8, ta juyo mini da ita: 400,000 a shekara.

Nan take tsoron Allah ya sauko mini. Na tuna malamai da dama suna da magana a kan inshora, saboda kamanninta da caca da kuma riba, na gyara hula na faɗa mata haka. Ta yi murmushi ta ce an daɗe da magance wannan, akwai kamfanonin takaful da NAICOM ta ba lasisi, inda ake zuba gudummawa a asusun taimakon juna, in an yi rara a raba wa masu zubi, har ta ce za ta kwatanta mini ofishin ɗaya. Na tambayi farashi. Da na ji ba wata tazara, sai na ce a ba ni ta 15,000, mu dai tawakkali muka gada. Ta ce sai kuɗi sun shiga kariya take farawa, haka doka ta tanada. Na biya, daga baya na danna lambar nan da hannuna, sai ga Corolla ta fito da sunanta da launinta.

Ba a jima ba tawakkalin ya samu aiki. Ƙafata ta saba da Fijo, wadda sai an take totur har ƙasa take yarda ta motsa, Corolla kuwa ko numfashi ka yi wa totur ta tafi. Wata safiya ina fitowa da baya daga gareji, na taka irin takun da, sai ji na yi garam. Na fito ina salati, na tarar motar da na daka ita ce Fijo, tana ajiye a ƙofar gidan Malam inda ta ƙi tashi tun jiya.

Aka ɗauki hotuna, aka kawo rahoton 'yan sanda da kiyasin mai gyaran jiki, aka yi 'yar zirga-zirga, kamfani ya biya. Fijo ta samu sabuwar bamba da fitilu da fenti, kyan da ba ta taɓa yi a hannuna ba. Bayan Corolla kuwa daga aljihuna, na koma Ƙofar Ruwa masu kayan gyara suna yi mini lale, wai sun yi kewata. A wajen cike takardu ne na gano Malam yana da inshora ta gaske, domin da bai ga takarda a cikin fatikulas ba, shiru ya yi ya tafi kamfani ya yanki tasa. Har godiya ya yi mini da na zare waccan.

Yaron gindin darbejiya yana nan, kuma har yanzu layi ake yi a gabansa. Kai kuma mai karatu, kafin ka gama yi mini dariya, leƙa ka kwafo lambar motarka ka danna *565*11#. Ka yi a gida kai kaɗai, tun ba a yi maka a kan titi gaban abokai ba.