Ɗaliban Asabar a Rumfar Kafinta

Shekara biyu ke nan duk Asabar ina zuwa rumfar wani dattijon kafinta a gefen Panteka ta Kaduna, wai ina koyon haɗa benci da tebur. Kayan aikinmu abin da duniya ta yar ne: tsohuwar ƙofa, azarar gidan da aka rushe, falet ɗin da aka sauke kaya aka watsar, reshen darbejiyar da iska ta karya. Sana'ar har yau ba ta zauna a hannuna ba, amma abokan karatuna kam na haddace su.

Akwai Mai Waya. Maigida na nuna yadda ake riƙe zarto, shi kuwa sai ya zaro waya ya ce, "Maigida, wani Bature a YouTube ba haka yake yi ba." Baturen nan injinansa sun cika ɗaki, mu zarto biyu gare mu, ɗaya ma mai giɓi. Rannan Maigida ya gaji ya ce, "To ɗana, kira shi ya zo ya riƙe maka."

Mai Aro bai taɓa sayen ko fensir ba. Gudumarka tasa ce, gam ɗinka nasa ne, in ka nemi abinka kuma ya ce ka cika rowa.

Sai Malam Ido-Ya-Isa, wanda yake ganin awo raini ne ga basirar da Allah ya ba shi. Ya taɓa haɗa teburin cin abinci, ƙafa ɗaya ta gaza da kusan inci guda. Ya rage sauran ukun, sai wata ta gaza. Ya sake ragewa. Muna kallo tebur yana ta sauka kamar raƙumi zai durƙusa, kafin la'asar ya koma kujera 'yar tsuguno mai faɗin tabarma. Ya share gumi ya ce ai da ma a ƙasa ake cin abinci a gidansu.

Amma gwanina shi ne Alhaji Tsintuwa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya rasa inda zai kai ƙarfinsa. Alhaji ba ya iya wuce katako a hanya. Ko a tsakiyar titi ya hango guntun tu-bai-fo sai ya taka birki, na baya su yi ta hon, ya fito da babbar rigarsa ya ɗauka, ya ƙwanƙwasa, ya kara a hanci, ya jefa a but. In ana rusau a unguwa, yakan riga masu gidan isa. Shi ya kawo mana azarar giginya guda shida yana yabonta, gara ba ta cinta, ta shekara aru-aru tana ɗauke da soro. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya mana cewa azara duk zare ce mai tsini ba. Mako guda muka yi muna cire sartse da allura. Wata rana ya shigo rungume da turmin ƙirya, ya ce za a yi kujera da shi, tsohon turmi ne da aka daina amfani da shi. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara, muka ji muryar Hajiya tar: "Alhaji, ina turmina? Gero na jiƙa!" Ya taɓa kawo falet mai tambarin MB yana shirin yin teburin yanka nama, Maigida ya nuna masa cewa wannan da gubar kashe ƙwari aka turara shi, mai tambarin HT shi ne wanda aka gasa da zafi kawai. Alhaji bai ji kunya ba, ya ce to a yi masa akurkin kaji, Maigida ya ce kajin ma bayin Allah ne. A cikin kayansa mun samu gara, mun samu kunama, sau ɗaya har da ƙwan ƙadangare. Ranar da na tabbatar ciwon ya yi nisa, a maƙabarta muke, ana addu'a, na ga ya sunkuya yana shafa ƙafar makara. Ya raɗa mini, "Wannan maɗaci ne fa."

Duk waɗannan ina son su. Wanda ba na so shi ne Iska-Ce-Ta-Kayar. Shi yakan zo da gungume jiƙe sharkaf, ruwa na tsattsafowa daga yankan, ganye ko yaushi bai yi ba, ya rantse cewa a kwance ya tsince shi. Iskar garinsu da injin yanka take yawo, har a tsakiyar rani. Na san bishiyar ɗaya daga cikin gungumen nan: maɗaci ne da ke ƙofar wata makarantar allo, mai shayi da mai faci da tsofaffin unguwa duk a inuwarsa suke wuni. Yanzu kututture ne, yara na karatu a rana. Kuma ɗanyen ice ba ya yafewa: benci ya haɗa da shi, hunturu na shigowa ya tsage, ya murɗe, ƙusoshi suka fito waje. Bishiyar da ta girmi ubansa ta tafi a kan bencin da bai yi wata huɗu ba. Maigida, mutum mai haƙurin da ya jure Mai Waya, ya ce masa kada ya sake shigo masa rumfa da icen da ke kuka.

Saura Mai Fassara, wanda duk kuskurensa yana da suna. Tsagewa ado ce, karkacewa salon gargajiya ne, ramin tsohuwar ƙusa kuwa tarihi. Ba zan tsananta masa ba, don na san shi ciki da waje, kuma teburinsa na farko yana falona, da kwalin ashana a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Na gaya wa uwargida cewa a Turai irinsa tsada gare shi. Ta ce to Allah ya kawo Baturen, ta ɗora masa kwandon albasa.