Mu da Tambayarmu ta "An Samu?"

Mu dai a unguwar nan, tambaya ɗaya muke yi wa yaro idan ya gama bautar ƙasa ya dawo gida: "To, an samu?" Ba sai an faɗi abin da ake nufi ba, kowa ya san aikin gwamnati ne, ko banki, ko wani ofis mai sanyi. Idan ya ce yana gyaran waya a Farm Centre, sai mu ce, "Allah Ya kawo na dindindin." Kawunsa ya ja shi gefe: "Ɗana, ka ci gaba da kai takardunka, kada ka shantake." Ko da abin da yake shigowa da shi ya zarce mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 ɗin da aka sa wa hannu a 2024, a wurinmu yaron nan har yanzu zaman jira yake yi.

Ba mugunta ce ta sa muke haka ba, ƙauna ce da tsoro. Iyayenmu sun ga lokacin da mutum zai shiga masana'anta a Bompai ko Sharada yana saurayi, ya yi aure a ciki, ya aurar da 'ya'ya a ciki. Amma mu ma ai mun ga ƙarshen labarin. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba wurin zuwa. Waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu wani abu a hannu ko a ka. Mai kula da injin saƙa ya koma gyaran janareta da injin niƙa. Mai riƙon sito ya samu gurbi a wurin wani Alhaji a kasuwa, domin ya iya ƙirga kaya, kuma ba a taɓa jin ya ci na wani ba. Kamfani ya mutu, iyawa ta biyo mai ita gida.

Haka aka yi a 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Mun ce shi ke nan, samarin nan sun shiga uku. Da yawansu kuwa sai ga su a adaidaita sahu, domin sun riga sun san lungu da saƙo na gari, sun san yadda ake lallaba fasinja mai faɗa, sun saba haɗa balas kafin magariba. Abin hawa ne kawai ya canza.

Ni abin da ke damuna shi ne ba mu koya wa yaranmu ganin wannan dukiya a jikinsu. Yarinya ta yi shekaru tana koyarwa a Islamiyya, ta iya tsayawa gaban aji cike da yara ta sa su natsu, ta iya magana da uwar da ta zo a fusace har ta koma tana godiya. Ranar da ta je neman aiki aka ce me ta iya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban taɓa aiki ba." Inna uwar adashi tana riƙe kuɗin matan layi guda, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, kwasa ba ta taɓa rikicewa a hannunta ba, amma 'yarta da ta tashi tana rubuta mata littafin ba ta san lissafin kuɗi ta koya ba. Yaron shago a Kantin Kwari kuwa, wanda ya san yadda ake karanta fuskar mai saye, ya san wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri, shi ma cewa yake yi, "Ni fa ba ni da sana'a, jiran shago nake."

Alhassan Ɗantata, da muke yawan ambata idan ana hirar arziki, da fataucin goro ya fara, yana bin hanyar Gwanja har Ankara. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya juya can, ya zama babban mai saye. Goro daban, gyaɗa daban, amma sanin mutane, cika alkawari da iya tafiyar da yara masu yawa a garuruwa masu nisa, duk da su ya ƙaura. Mukan ba da labarin dalar gyaɗa mu manta da wannan ɓangaren.

Sai batun jin daɗin aiki, wanda mu a nan kusan abin kunya ne a ambata. Yaro ya ce aikinsa ya ishe shi, Baba ya ce, "Kai, godiya ake yi, wasu nema suke ido rufe." Gaskiya ne, kuma haƙuri yana da muhallinsa, musamman a shekarun farko da mutum yake koyo. Amma ya kamata mu zauna mu ji abin da ya ishe shi ɗin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwai masu albashin da kuɗin mota ke cinye kaso mai tsoka daga ciki kafin wata ya raba. Akwai wanda albashin ba laifi, amma kullum sai an ci mutuncinsa a gaban jama'a, ya dawo gida ya huce a kan iyali. Akwai kuma wanda ya shekara biyar a kujera ɗaya bai ƙaru da komai ba, wannan ma shi ya fi ba ni tsoro, domin ranar da kujerar ta tafi hannu rabbana zai fito. A ganina aikin da kuɗinsa kaɗan ne amma ana koyo kuma ana mutunta mutum, ya fi wa matashi amfani a kan mai ɗan kauri da ba ya ƙara masa komai.

To amma ƙannena, kada ku ji wannan ku je ku ajiye aiki gobe da safe cikin fushi. A nemi wani a samu tukuna, ko a fara sana'ar a gefe da yamma har ta tsaya da ƙafarta. Idan lokacin tafiya ya yi, a sanar da ubangida da wuri, a miƙa masa makulli da littafin bashi a gaban shaida, a nemi yafiya. Kasuwa duk girmanta 'yan cikinta sun san juna, kuma sabon maigida, kafin ya danƙa maka shagonsa, tsohon zai fara kira ya tambaya.