Awa 72 da Ban Kwanan Sabon Tasha

Ina so in kare wani mutum da unguwa ta mayar abin dariya, kuma da hujja zan kare shi, ko da yake ni ma dariyar tana cina. Mutumin nan shi ne duk wani ɗan Sabon Tasha da ya yi shirin ƙetare teku a shekarun korona. Ya kwashe adashi, ya yi allurar rigakafi, ya bari aka zura masa tsinken auduga a hanci har ya ji shi a ƙeya, sakamako ya fito lafiya lau, amma ya dawo gida da akwatinsa a Keke Napep saboda takardar ta mutu kafin jirgi ya tashi. Mu nan ba mu da jirgin ruwan shaƙatawa irin wanda masu hali ke shiga a Miyami ko Dubai su yi mako guda suna yawo a teku. Abin da ke kan Kogin Kaduna kwale-kwale ne, kuma mai fito ba ya tambayar kowa takarda. Babbar tafiyarmu ita ce ziyarar ƙasa mai tsarki da aikin Hajji, amma dokar da ta tare masu jirgin ruwa a bakin teku ita ce ta tare mu a bakin kantar filin jirgi. Maganata ɗaya ce: takardar gwajin nan ta fi auna nisan gidan mutum da filin jirgi fiye da yadda take auna lafiyarsa, kuma a unguwa irin tamu da kunya ake biyan kuɗinta.

Ga lissafin a taƙaice. Tun da aka buɗe filayen Legas da Abuja ga jiragen ƙasashen waje ranar 5 ga Satumba 2020, kowace tafiya ta koma tsere da agogo a shekarun nan na korona. A mafi yawan 2021 ƙofar Isra'ila tana rufe ga baƙi masu ziyara, sai hukumar ziyarar Kiristoci ta Najeriya, ƙarƙashin Rabaran Yakubu Pam, ta karkata da mutane zuwa ƙasar Jodan, su ga Dutsen Nebo da wurin baftisma a bakin Kogin Urdun. Saudiyya kuwa ta hana mahajjatan waje zuwa a 2020 da 2021. Da ta buɗe a 2022 ta ce mutum miliyan ɗaya kawai, Najeriya ta samu kujera 43,008, kuma sai wanda bai kai shekara 65 ba, mai cikakkiyar allura, mai takardar gwajin PCR da aka ɗauka cikin awa 72 kafin tashi. Najeriya da kanta, da nau'in Omikron ya bayyana, ta rage wa masu shigowa wa'adi zuwa awa 48 a Disamba 2021. Agogon nan yana fara bugawa ne daga lokacin da tsinken ya fita daga hancinka. Ɗakin gwaji zai ci yini ɗaya ko biyu. Mai shagon buga takardu zai ci rabin yini yana jiran a kawo wuta. Hanyar Abuja, kilomita kusan 190, za ta ci nata rabon, kuma bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022 tashar Rigasa ta yi watanni ba ta da abin da za ta yi maka, sai mota, sai da rana tsaka. Ɗan abin da ya rage shi ake miƙa wa kamfanin jirgi, wanda shi ba wanda ya sa masa wa'adi.

To, a ce an ɗauki gwajinka ranar Litinin da ƙarfe 10 na safe, jirgi kuma na Laraba da dare ne. Kana da sarari har da na cin tuwo. Laraba da dare aka ce sai Alhamis da asuba, da asuba aka ce sai ƙarfe 12 na rana. Ka kwana a kan benci rungume da jakar takardu. Aka kira layi, ka isa gaban kanta, ka miƙa fasfo da katin allurar korona da katin allurar cutar shawara da takardar gwaji, kana ta murmushi a bayan takunkumi inda ba mai gani. Yarinyar da ke kantar, wadda ba ta kai 'yarka ta biyu ba, ta dubi takardar, ta dubi agogon bango, sai ta ɗaga hannun hagu ta fara lanƙwasa yatsu. Litinin zuwa Talata, ɗaya. Talata zuwa Laraba, biyu. Laraba zuwa Alhamis, uku. Yatsa na uku ya kwanta, ta sake duban agogon. Da ta ɗaga murya da ka samu abin yin faɗa a kai, amma a hankali ta ce, “Baba, don Allah ɗan tsaya daga gefe.” Nan take layin da ke bayanka, mutanen da kuka kwana kuna yabon juna, suka ja baya taku biyu gaba ɗaya, ba tare da an yi shawara ba. Matar da ta ci gyaɗa a ledarka da daddare ta zaro kwalbar man tsaftace hannu ta fara mulkawa har gwiwar hannu. Kai kuma, don ka wanke kanka, ka ɗaga takardar sama ka ce da ƙarfi, “Jama'a, ba ni da ita!” A iya sanina babu jimlar da ta taɓa tabbatar wa taro cewa mutum yana da ita kamar wannan. Sannan a gefen da aka tsayar da kai, ka juya wa mutane baya, ka ɗaga naka hannun ka ƙirga, ko Allah zai sa yatsunka su fi nata tausayi. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Awa biyu cif ta wuce.

Wani zai ce wannan ai asarar kuɗi ce kawai, a sake gwaji a jira wani jirgi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa barin Sabon Tasha da niyyar ibada ba. Ranar Lahadin da ta wuce fasto ya kira ka gaba, an ɗora maka hannu, Zumuntar Mata sun kaɗa maka har bakin ƙofar coci, matasan layi sun fara kiranka JP, laƙabin wanda ya dawo daga ziyara, tun ba ka ga ko ƙurar Jodan ba. An ba ka sautun man zaitun da ruwan Kogin Urdun, har da kwalaben da za ka zuba. In maniyyaci ne, ya bi gida-gida an yafi juna, an ci walima, mai bin sa bashi ya ce ya bar masa rabi, an ba shi sautun dabino da zamzam, maƙwabta sun riga sun manta sunansa na yanka sun koma Alhaji. Yanzu ga ka ranar Alhamis da la'asar sakaliya, ka sauka a bakin titin Kachia, kana addu'ar magariba ta yi sauri, sai mai keken da ya kai ka tasha jiya ya ci burki a gabanka ya ce, “Oga JP, sannu da dawowa, har an gama? Yaya mutanen can?” Yara suka rugo da oyoyo suka kama akwati, suna jijjiga shi su ji ƙarar tsaraba. Duk tsawon layin, a gaban mai kanti da mai faci da matan da ke soya ƙosai, abin da kake gani a idonka shi ne yatsa na uku yana kwanciya.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta jirgin ruwa, kuma ba zan raina ta ba. A Fabrairu 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, mutum 712 suka kamu cikin 3,711 da ke ciki. Duk wanda ya ga wannan zai yarda cewa tara jama'a wuri ɗaya ba tare da tacewa ba ganganci ne, kuma tantin Mina ko motar masu ziyara ba su fi ɗakin jirgin ruwa iska ba. Na yarda a yi gwaji. Sai dai a Nuwamba 2020 jirgin SeaDream I ya tashi daga Barbados da fasinjoji 53 kacal, an gwada su kafin su baro gida, an sake gwada su a bakin jirgi, amma cikin 'yan kwanaki aka samu masu cutar, aka juyo da shi. Gwaji yana ba da labarin hancin mutum ne a daƙiƙar da aka taɓa shi. Tsakanin wannan daƙiƙa da hawa jirgi, mutuminmu ya rungumi dangi, ya shiga motar haya su huɗu a baya, ya kwana a benci da baƙi. Takardarsa ba ta san da ko ɗaya cikin wannan ba, amma ta san bambancin ƙarfe 10 da ƙarfe 12. Wanda ke zaune a Abuja, aka gwada shi Talata, ya wuce da ƙwayar da ya kwasa Laraba. Amurka ta hango wannan matsala, shi ya sa dokarta ta Janairu 2021 ta ce kwana 3 maimakon awa 72, don kada a tsaya ƙirgen mintoci. Da wannan ma'auni aka auna mutuminmu, da yanzu yana hoto a kan Dutsen Nebo.

Dattawa kuma za su ce mu ne ragwaye. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, wasu sun yi shekaru suna ƙwadago a gonakin audugar Jazira kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, kuma su ma an killace su. Bayan kwalarar 1865 da ta kashe dubban mahajjata, ƙasashe suka tsananta, Turkawa suka kafa sansanin killacewa a tsibirin Kamaran. Duk gaskiya ne, kuma wahalarsu ta ninka tamu. Amma a lura da abu biyu. Killacewar da tana riƙe mutum ne a can nesa, inda ba maƙwabcin da zai gan shi, in ya fito ya ci gaba da tafiyarsa, ba wanda aka taɓa mayarwa gida daga Sawakin a ranar da ya yi ban kwana. Na biyu, katin shawarar da muka saba da shi takarda ce mai mutunci. Tun Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai, ka ajiye shi a ƙasan akwati ka manta. Takardar korona kuwa ta fi tumatirin kasuwar Sabo saurin lalacewa, ga shi a Legas an saye ta har Naira 50,400.

Saura masu cewa ya tafi a ɓoye, sai ya sauka lafiya ya aiko da hoto. Wannan shawarar mutumin da ba shi da maƙwabta ce. Wanda ya fita ziyara ko Hajji bai sallami mutane ba, in ya dawo gaisuwar da zai samu ta fi ta mai korona sanyi. Kuma kuɗin kujerar Hajjin 2022 ya kusan Naira miliyan biyu da rabi, kuɗin da ba ya taruwa a unguwa ba tare da 'yan adashi da mai sayen fili da surukai sun sani ba. A shekarar ma ɗaruruwan maniyyata, da yawansu daga Kano, suka rasa Hajji saboda matsalar jirage, har hukumar alhazai ta ƙasa ta fito ta ba da haƙuri. Inda jirgi ba ya cika alkawari, gyaran da hankali zai ɗauka shi ne a yi gwajin a sansani ko a filin jirgi dab da tashi, kamar yadda wasu kamfanonin jiragen ruwa suka yi a bakin tasha, ko a ƙirga daga lokacin da aka rubuta a tikiti, mai jinkiri ya ɗauki nauyin jinkirinsa.

Inda ba a yi haka ba, sai masu ba da shawara suka cike gurbin, kuma su ne kaɗai suka ci ribar lamarin. Kafin gwaji mai shayi zai ce ka sha citta da tafarnuwa da lemun tsami kwana uku. Wanzami zai ce ka shafa man zafi a cikin hanci. Wata gwaggo za ta ce ka je tun da sassafe, kafin ƙwayar ta farka. Kwandasta zai ce ka riƙe numfashi in an zura tsinken. Amma sarkinsu shi ne dattijon da ke tsaye kusa da kanta, wanda ba tafiya zai yi ba, rakiya kawai ya zo, yana kallon yatsun yarinyar tun daga na farko. Shi ne zai matso, ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa don ka ji shi da kyau, ya ce, “Maigida, kwantar da hankalinka. Ka gaya mata da agogon Gana aka ɗauki gwajin, su suna bayanmu da awa ɗaya.” Ka dube shi ka ce, “Baba, ai awa biyu ce ta wuce.” Ya yi shiru, ya ɗaga nasa hannun ya ƙirga, ya gyaɗa kai. “To, ɗayar kuma sai ka bar wa Allah.”