Masu Koyon Ɗinkin Tsaga Zare

Ɗinkin tsaga zare ba shi da wani sirri. Ka soka allura ka yi taku ɗaya, sai ka fito da ita daga ƙarƙashin ƙyalle ta tsakiyar zaren da ka shimfiɗa, ta raba shi biyu, ka sake yin gaba. Iyakar karatun ke nan. Amma a tara mutum goma a yi musu bayanin nan, aiki iri goma za su fitar, kuma a ganina halinsu ne ke raba su tun kafin a zo maganar hannu.

Ga Malam Sauri, wanda ke ganin komawa baya rabin taku asarar lokaci ce. Takunsa dogaye ne, to a miƙaƙƙen layi asirinsa a rufe yake, amma da an zo kwana sai furen da ya zana ya fito da kusurwa kamar rufin kwano. Kusa da shi Hajiya Tanadi ce, mai zare kala hamsin da almakashi uku da allura kowace lamba, wadda har yau ba ta huda ƙyalle ba, wai tana jiran wani shuɗi da ya yanke a Kantin Kwari. Akwai Ƙarfi, mai jan zare kamar da gaba a tsakaninsu, har ƙyallen ya tattare, sannan ya ce yadin ne na jabu. Na-Sani kuwa kallo ɗaya ya yi ya ce ai sarƙa ce, kakansa ma ita yake yi a wuyan riga. Sun yi kama daga nesa, gaskiya ne, sai dai sarƙa madauki ake yi da zare, wannan kuwa huda zaren ake yi. Gaya masa haka, ka sayi gardamar yini guda. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Sarkin Warwara: ya yi taku biyar ya kwance huɗu, zaren ya yi gashi, ƙyallen ya cika da huji, aikin kuma da ma lafiyarsa lau.

Wani zai ce an zalunce su, laifin kayan aiki ne. Da ƙamshin gaskiya a nan. Zare mai murɗi sosai ba ya yarda a tsaga shi, shi ya sa ulu da siliki mai laushi suka fi dacewa, kuma mai amfani da zaren auduga mai sili 6 gara ya zare 2 domin allura ta ratsa tsakaninsu. To amma a ba su zare ɗaya da allura ɗaya, Sauri ba zai rage taku ba, Tanadi kuma za ta ce kalar ba ta yi mata ba. Wani kuma zai ce ɗinki ne na yara, bai kai a ɓata masa rai ba. Da shi maɗinkan Ingila na ƙarni na 13 da na 14 suka riƙa fitar da fuskokin mutane da siliki a rigunan coci, suna zagaya kunci da ƙananan taku har ya yi kamar tudu. Lissafin kayan fadar Paparoma na shekarar 1295 ya ƙunshi irin aikin nasu sama da 100.

Mai son ya san ajinsa ya zana da'ira daidai faɗin kwabo, ya zagaye ta da gajerun taku ba tare da ya kwance ko ɗaya ba. Hajiya Tanadi, ko da jan zare ne a fara.