Kwamitin Abokan Ango Ya Tafi Kano

Da zarar an yanke gero an kakkaɓe riɗi, kuɗi ya ɗan shiga aljihu, sai kakar aure ta kama a ƙasar Kazaure. Daga Roni zuwa Gwiwa, daga 'Yankwashi zuwa maƙwabtanmu na Ɓaɓura, ba Juma'ar da za ta wuce ba a raba goro da alawa ba. A da hidimomin sanannu ne: lefe, sadaki, kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya. Yanzu samarinmu sun ƙaro sabon babi, wai shi fatin ban kwana da gwauranci. A TikTok suka gano cewa a Amurka abokan ango kan kwashe shi zuwa Las Vegas ko Nashville, garin mawaƙa na jihar Tennessee, a kwana biyu ana sheƙe aya. Da suka lissafa kuɗin motar Nashville suka ga da ɗan saura, sai suka ce ai Kano na nan, kuma ita ma mawaƙa sun yi mata yawa.

Gwaurancin da ake yi wa wannan ban girma fa shi ne wanda yara ke yi wa tashe da azumi, shi ne wanda Nalako, sarkin gwagwaren Kano, ke ɗaure mutum da igiya saboda shi. Me ke cikinsa da za a yi kewa? Wankin kaya da daddare, ko layin Indomie a teburin mai shayi?

Aikin yakan fara da buɗe guruf a WhatsApp. Kafin la'asar an naɗa ciyaman, mataimakin ciyaman, sakatare, ma'aji, mai sa ido a kan ma'aji, da jami'in hulɗa da mawaƙa. Duk wanda bai samu muƙami ba, an ba shi mai ba da shawara na musamman. Kwana uku guruf na tafasa. Kowa na kiran "Angon ƙarni!", kowa na rantsuwa cewa Kano sai ta san an zo. Sai ma'aji ya turo lambar asusu, ya ce kowa ya kawo naira 15,000. Nan take sabis ya ɗauke daga Karkarna har Achilafiya. Wanda jiya ya turo saƙon murya na minti tara, yau wayarsa ta faɗa ruwa. Wani ya ce, "Wallahi na tura, banki ne ya riƙe." Wani ya ce, "Mutumina, saka min, in na sayar da riɗi zan ba ka," alhali ko kadada ɗaya bai shuka ba. Daga ƙarshe kwamiti ya yi zaman gaggawa, ya yanke hukunci da murya ɗaya cewa tunda ango ne za a karrama, ya kamata ya nuna farin cikinsa a aikace. Washegari ragon da aka tanada don walima ya kama hanyar kasuwa.

Sai batun anko. An aika Kantin Kwari an yanko shadda iri ɗaya, da sharaɗin kowa ya sa baƙin tabarau ko da tsakar dare ne. Tela ya yi alkawarin Laraba, ya cika alkawari ranar Juma'a da hantsi, ana tsaye a kansa mota na hon a waje. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ayarin motoci ya zama tarihi, don haka aka ɗauki Sharon guda, mutum 11 suka shige. Ciyaman a gaba shi kaɗai, saboda gugar rigarsa. Ango a can baya kusa da safayar taya, gwiwa a haɓa. Kafin a wuce Ɗambatta, mutum biyu sun yi murabus daga muƙamansu a kan rabon rake.

Babban abin da ya kawo su shi ne waƙa. A guruf an riga an yi muhawara ko Ali Jita za a ɗauka, ko Nura M. Inuwa, ko Hamisu Breaker, domin jami'in hulɗa da mawaƙa ya tabbatar wa kowa cewa duk mutanensa ne. Da aka sauka a titin Gidan Zoo aka ce ya kira, sai ta bayyana cewa lambar da yake taƙama da ita ta wani ce da ya taɓa ɗaukar hoto da maƙwabcin direban ɗaya daga cikinsu. Haka aka gangara lungu, aka samu wani sitidiyo mai faɗin shagon caji, bango a manne da kwalin ƙwai, fanka ba ta juyi, janareta na tari a bakin ƙofa. Wani yaro mai kwamfuta da fiyano ya ce kowane suna da farashinsa, kirari kuma daban. Nan masu wayar da ta faɗa ruwa suka zaro kuɗi. Sunan ciyaman ya fito sau shida, har da laƙabin "garkuwar matasa". Na ango sau biyu. Amarya kuwa, da yake sakatare ya miƙa tsohuwar takarda, sai aka rangaɗa wa tsohuwar budurwar ango baiti guda cur, da amshi. Gyara kuma sai an sake biya.

Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangai da 'yan amshi yake tsayawa a fili ya waƙe mutum nan take, ba wutar lantarki ba na'urar gyaran murya, kuma har gobe ana tuna waɗanda ya waƙe. Ta kwamitinmu ko kwana ɗaya ba ta yi ba aka hana kunna ta.

Da daddare aka kama ɗaki ɗaya a otal. Ciyaman da ma'aji a gado, sauran a ƙasa, angon ƙarni a bakin ƙofar banɗaki, duk mai wucewa sai ya tsallaka shi ya ce, "Ango, ka sha ƙamshi." Aka kunna waƙa a waya don a yi bidiyon liƙi. Sai mai ba da shawara na musamman ya tuna cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ga mai wulaƙanta naira. Aka samo mafita: mutum ɗaya na liƙa 'yan ɗari-ɗari a goshin ango, biyu na durƙushe suna cafewa kafin su taɓa ƙasa, suna miƙa wa na baya ya sake liƙawa. Naira 3,000 ta zaga ɗakin har ta gaji, a bidiyo kuwa ka rantse ɗan majalisa ne ke aurar da ɗa. Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ya ce Hisbah! Kiɗa ya mutu, tabarau suka ɓace, mataimakin ciyaman ya tayar da nafila ba alwala. Ashe yaron otal ne ya kawo maganin sauro. Da ƙarfe goma shagalin ya tashi, aka rufe da gurasa da tsire, tsinke bibbiyu.

Da safe aka je Ado Bayero Mall, ba don sayayya ba. Aka jingina da motar wani bawan Allah aka yi hotuna, har mai motar ya fito ya tsaya yana jira a gama.

Wani abin dariyar shi ne, a daidai lokacin da namu ke cin bashi don su zama 'yan birni na kwana biyu, 'yan birnin sun daɗe suna kama zauren biki da kuɗi mai tsoka don su zama mu. Su sayi ƙwarya da ludayi, su shimfiɗa tabarma, su ɗaura zane su rambaɗa kwalli, su ce suna bikin ƙauyawa, har sai da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta shi a 2025. Abin da suke haya, mu a tsakar gida muke tuntuɓe da shi. Da an yi shawara, da sai a yi musaya: su zo Gwiwa su sha fura a inuwa, su bar mana kuɗin zauren.

Ranar Lahadi ango ya dawo da mura, da bashin mai POS, da waƙar da in amarya ta ji ta sai an tara dattawa. Mahaifinsa ya dube shi ya ce, "Kai, ina ragon nan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, yana Kano." Daren kai amarya kuma, da ƙawayenta suka tsare sai an sayi baki, abokan nan suka shiga lalube aljihu, aka haɗa abin da bai kai kuɗin kwalin alawa ba. Ciyaman ya ce a rubuta bashi.

Iyayenmu ma sun yi abokan ango, kuma ba su rasa nishaɗi ba. Amma su aikinsu rage wa ango kaya: su yi masa gayya a gonar surukai, su yaɓe ɗaki, su ɗauko gara, su sayi baki da kuɗinsu, da dare a kira mai kalangu a dandali a taka har a gaji. Na yanzu ango ne ke ɗaukar su, ya ciyar da su, ya kuma gode musu a guruf.

Don haka, samarin ƙasar Kazaure, in abokinku zai yi aure a kakar nan, ku buɗe guruf ɗin, ku naɗa ciyaman in kuna so. Amma kuɗin ku saya masa buhun masara da galan ɗin mai, ku kira makaɗin garinku ku ba shi abin da ya samu, shi ya san sunan amarya. Gwauranci ba ya buƙatar rakiya, ya san hanya.