Tazuge Ya Ci Amanata a Kabong

Ni rakiya kawai na yi. Ƙanwata ce ta ce in kai mata 'yarta makarantar koyon rawa a Kabong, nan kusa da Gada Biyu, don ranar Asabar ɗin ce yara ke nuna wa iyaye abin da suka koya, ita kuma tana da biki. Muka tarar da zaure mai faɗi, bango guda madubi ne daga ƙasa har sama, iyaye sun jeru a kujerun roba kowa ya ƙudundune. Jos gari ne a kan tudu, sama da mita 1,200, hunturunsa har ƙashi yake shiga. Ku riƙe wannan magana, za ta yi amfani nan gaba.

Anti mai koyarwa ta ce rawar jaz suke koyo. Baƙar fatar Amurka ne suka ƙago ta, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka, wato kayanmu ne ya je yawon duniya ya dawo muna biyan kuɗin makaranta a kansa. Iyayen Jos kuwa ba sa ƙyashin biya, tun da suka ga tagwayen nan Peter da Paul Okoye na P-Square, da aka haifa a garin nan a 1981, sun fara da kwaikwayon rawar Michael Jackson a sakandare har suka zama abin da suka zama.

Sai Anti ta ce tana son uba guda ya fito ya taya yara. Zaure ya yi tsit. 'Yar ƙanwata ta ɗaga hannu ta ce, "Kawuna ya iya!"

Aka sa ni a sahun gaba, aka ce in tuɓe babbar riga don a ga motsin jiki, na rage daga ni sai 'yar shara da wando. Ashe sirrin rawar shi ne kowace gaɓa ta motsa ita kaɗai, sauran jiki na tsaye cak: kai shi kaɗai, kafaɗa ita kaɗai, sannan ƙugu. Dama, hagu, gaba, baya, a zagayo. Ƙirga kuwa daga biyar take farawa, biyar, shida, bakwai, takwas. Ban san laifin da ɗaya zuwa huɗu suka yi mata ba. Doka uku Anti ta kafa mana. Hannu sama, yatsu goma a baje, irin salon da aka san Bob Fosse da shi, wanda ya ba da umarnin fim ɗin Cabaret na 1972. Murmushi kada ya bar fuska. Ta uku, ko sama za ta faɗo, ba a tsayawa sai kiɗa ya tsaya.

Abin da Anti ba ta faɗa ba shi ne, wannan juya ƙugun babu abin da ya kai shi iya kwance ƙulli. Kowane zagaye sai tazuge ya ɗan saki, ni ban sani ba, ina can ina baje yatsu ina washe baki.

A kan "bakwai" na ji shi. Ba ƙara ya yi ba, wani sanyi ne kawai ya ratsa ƙuguna, sai na ji wando ya zama ba nawa ba. Bai faɗi nan take ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya sauko kaɗan ya maƙale a tumbina, yana shawara. Hannuwana biyu suna sama. In na sauke su, kowa ya gane. In ban sauke ba, kowa zai gani. Na dubi madubi, na ga kaina, na ga yara a bayana, na ga iyaye a bayansu, na ga wata Mama ta riga ta ɗaga waya.

Nan Baba mai gadi ya shigo maganar. Tun ɗazu yana jingine a bakin ƙofa da hular sanyi har kunne, ya riga ya sanar da kowa cewa shi tsohon ɗan rawar Asharuwa ne ta Afizere, wannan ta yara wasa ce. Shi ya fara hango matsalar, don haka ya ɗaga murya yadda har masu sayar da dankali a bakin titi za su ji:

"Oga, tsuke ciki!"

Na tsuke. Jama'a, tumbin nan shi kaɗai ya rage yana riƙe da mutuncina. Ina tsuke shi wando ya zarce gwiwa.

Yanzu ku tuna maganar hunturu. Saboda sanyi na saka dogon wandon ulu a ciki, na gwanjo, da na saya a kasuwar Katako. Ja ne jawur, da hotunan barewa masu ƙaho sun jeru daga ƙugu har idon sawu. Ko matata ba ta taɓa ganinsa da rana ba. Madubi ya nuna wa iyaye gabansa, idonsu ya nuna masu bayansa.

"Ware ƙafa!" in ji Baba. "Ware ƙafa, zai tsaya!"

Na ware. Ya tsaya ɗin kuwa, a gwiwa, ya ɗaure ni tamau. Kiɗa bai tsaya ba, Anti tana gaba ta juya mana baya tana ƙirga, ni ina tafiya kamar agwagwa, yatsu a baje, murmushi na nan daram domin doka ce. Ƙananan da ke sahun baya an koya masu su bi na gabansu, sai ga su duk sun ware ƙafa suna ɗingishi a bayana, fuskokinsu babu alamar wasa. Wani ɗan ƙarami har da riƙe numfashi yana tsuke ciki.

"Yauwa, yanzu haɗe ƙafa!"

Wannan karon ban san ko biyayya na yi ko ƙafafun ne suka gaji ba. Wando ya zube a idon sawu, daidai lokacin da aka zo juyi na ƙarshe. Na juya, wando bai juya ba. Ƙasa ta karɓe ni, hannuwana har lokacin suna sama. Kiɗa ya tsaya. Wani uba ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannu aljihu.

Baba ya ja ni bayan zaure ya zaunar da ni, ya shiga bayani a natse. Ya ce laifin iskar hunturu ne, ita ke busar da tazuge ya yi santsi, da na jiƙa shi da ruwa tun daga gida da haka ba ta faru ba. Ya ce shi duk rawar da ya yi a duniya wandonsa bai taɓa faɗuwa ba. Na ce, "Baba, da wane irin wando kuke yi?" Ya ce ai su ba da wando suke yi ba. Sannan ya duba barewar da kyau, ya taɓa ulun da yatsa, ya tambaye ni nawa na saya, ya ce an cuce ni.

Da zan tafi ya kwanto wata igiyar leda shuɗiya ya ɗaure mini ƙugu da kansa, ƙulli uku, yana yi yana nuna wa yaran da suka taru yadda ake ɗauri. Kafin Keke ya fitar da mu Gada Biyu ƙanwata ta kira daga wurin biki, ba ta ce komai ba, dariya kawai take yi, wasu mata na taya ta.

Igiyar tana wurina. Baba ya aiko in mayar masa kafin Asabar, da ita yake ɗaure ƙofar makarantar.