Hukuncin da Na Zartar a Lambun Kawu

A zangon farko da na yi a kwalejin aikin gona, sashen lambu, babu darasin da ya ratsa ni kamar na gwanda, wadda malaminmu, dattijo mai son tsawaita muƙaddima, ya ce asalinta tsakiyar nahiyar Amurka, kuma masanin nan Linnaeus ne ya raɗa mata Carica papaya a 1753. Ya bayyana mana cewa a cikinta akwai namiji akwai mace, ba a rarrabe su sai sun yi fure, na namiji ƙanana masu reto a dogon sili, na mace babba manne da gindin ganye, kuma namijin, ko an shekara ana yi masa ban ruwa, ba ya 'ya'ya. Nan aka kaɗa ƙararrawa, aka ɗage ragowar bayani sai Litinin.

Ran Asabar na sauka a lambun Kawu da ke fadama, na tarar ya tafi ta'aziyya, na bi fangali fangali da littafi a hammata, har na ƙirga maza bakwai cikin gwanda saba'in, tsaye ƙerere suna cin taki a banza. Da yake kuwa hujja ta tabbata, ga nassi daga bakin malami, ga shaida ido ya gani, sai na yi ijtihadi, na ari adda, na zartar musu da haddi. Gwanda ba ta da taurin rai, sara biyu ya ishe ta.

Da Kawu ya dawo ya daɗe yana salati, sannan ya ce, "Madalla, Malam. To, matan nan da ka mayar zawarawa, su ɗauki ciki da wa?"

Ran Litinin malam ya buɗe darasi da cewa wajibi ne a bar namiji guda ga kowace mace goma, domin iska da ƙwari su kai musu garin furensa. Ni dai a ra'ayina mas'ala irin wannan ba a raba ta da ƙararrawa.

Hutun da ya biyo baya kaf na yi shi ina sammako zuwa lambun maƙwabci, ina roƙon furen namiji, ina bin matan ɗaya bayan ɗaya ina goga musu da hannu, Kawu na biye da ni yana nuna wadda na tsallake.